Yadda na koyi nutso da tukunyar iska ina karatun likita a Masar

Ni ɗan tudu ne. A garinmu ruwa mafi girma da yaro ya sani shi ne kududdufin bayan gari, shi ma idan aka gan ka a bakinsa da damina ranar sai bulala ta yi aiki. Karatun likita ne ya kai ni Alƙahira, a can na koyi iyo, daga baya kuma na koyi nutso cikin teku da tukunyar iska a garin Dahab, bakin Bahar Maliya. Ƙannenmu da ke karatu a Masar yanzu suna yawan tambayata yadda abin yake. Mutanen gida kuwa tambayarsu biyu ce, ba ta canzawa: kifi ba ya cinye mutum? Iskar ba ta ƙarewa? Duka biyun ba nan babban haɗarin yake ba. Abin da ya fi raunata mai nutso shi ne iskar da ke cikin jikinsa, a kunne da huhu da jini, da yadda take takurewa idan ya sauka, take kumbura idan ya taso. Wannan darasi ne da muke haddacewa a aji don cin jarrabawa, sai ga shi a Dahab kunnenka ne ke yi maka tambayar, kuma ba ya jiran ka duba littafi.

Dahab yana gabashin yankin Sina'i, a gaɓar mashigin Aƙaba, idan gari ya yi wasai ana hango duwatsun Saudiyya a tsallake. Daga Alƙahira bas ake hawa da dare, a bi ta ramin Ahmad Hamdi da ke ƙarƙashin mashigin Suwez, a yi ta tsayawa a shingayen bincike, don haka fasfo da takardar zama su kasance a aljihu, ba cikin jakar da ke but ba. Ɗalibai sun fi son Dahab a kan Sharm ash-Shaikh saboda ba sai an hau jirgin ruwa ba. Kana ɗaura kaya a bakin titi, ka yi 'yan taku, ka shiga ruwa. A wurin da ake kira Lighthouse akwai gangare mai rairayi wanda zurfinsa ke ƙaruwa a hankali, nan ake fara koyar da yawancin sababbi.

Kwas ɗin farko kwana uku ne zuwa huɗu. Cikin ƙungiyoyin da ke koyar da nutso su ba da takardar shaida, PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, ita ce ta fi yawa a can, sai wata mai suna SSI, kuma abin da suke koyarwa kusan ɗaya ne. Akwai karatu da ɗan gwaji a rubuce, da darussa biyar a ruwa marar zurfi, sannan nutso huɗu a teku. Wanda ya gama an yarje masa sauka zuwa mita 18, tare da aboki, ba shi kaɗai ba. Kafin nan sai ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ba a duba lokaci, kuma ka zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Wannan ne ke mayar da yawancin mutanenmu baya. Shawarata ita ce a gama da iyo tun a Alƙahira, kada a tafi Dahab da niyyar a koyi biyu a mako guda.

Takardar farko da za a miƙo maka ta tambayoyin lafiya ce, kuma na ga matasa da yawa suna jera "a'a" daga sama har ƙasa don kada a tura su wurin likita. Kowace tambaya da ke jikinta akwai gawa a bayanta. Wanda huhunsa ya taɓa sacewa haka kawai, iska ta taru tsakaninsa da haƙarƙari, ba ya nutso, domin idan hakan ta sake faruwa a mita 20, iskar da ta tsere za ta ninka uku kafin ya kai sama, ta danne huhu da zuciya. Mai farfaɗiya ba ya yi, saboda idan ta tashi a ƙarƙashin ruwa abin numfashi zai fita daga bakinsa. Mai juna biyu ba ta yi. Mai asma da mai ciwon suga sai likita ya auna su. Akwai biyu da suka fi shafar mu. Wanda ya taɓa yin tarin tibi ya warke, a ɗauki hoton ƙirjinsa tukuna, domin tabon da cutar ke bari kan riƙe iska a wani lungu na huhu ya hana ta fita. Sai sikila. Mai SS ba nasa ba ne, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya duk abubuwan da ke tayar masa da ciwo ne. Mai AS, wanda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya ke ɗauke da shi, yawancin likitocin nutso suna barinsa, amma ya faɗa, a rubuta, ya ga likita. Masu cibiyoyin can sun fi sabawa da Turawa da Rashawa, ba lallai su tuna su tambaye ka ba.

Tukunyar da ake goyawa a baya ba oksijin ne a ciki ba, kamar yadda mutane ke zato. Iska ce irin wadda muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kusan duk sauran naitrojin, an tace ta, an busar da ita, an cusa ta da inji har ma'aunin matsi ya kai bar 200, wato kusan ninki 200 na matsin iskar da muke ciki. Da oksijin zalla ne da mutum bai wuce mita 6 ba ya shiga haɗarin jijjiga. Tukunyar da aka saba bayarwa ta alminiyom ce mai cin lita 11 zuwa 12. A wuyanta akwai tambarin ranar da aka gwada ƙarfinta, galibi duk shekara biyar ake yi, ka duba. Ka ɗan buɗe bawul ka shinshina: iska mai kyau ba ta da wari. Idan ka ji warin mai ko hayaƙi ka mayar da ita, domin injin da bakin zuƙarsa ke kusa da salansar janareta yana cusa hayaƙi mai guba cikin tukunya, kuma gubar na ƙara ƙarfi da zurfi.

A bakin bawul akwai ɗan zoben roba wanda bai kai farce ba. Shi ne ke hana iska zirarewa, kuma shi ne ya fi komai lalata wa mutane shiri. Idan ya tsage ko ya faɗi za ka ji tsaki mai ƙarfi da zarar ka buɗe. A kansa ake ɗaura regileta, wadda asalinta ke komawa ga na'urar da Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943. Hawa biyu gare ta. Na farko, wanda ke manne da tukunya, yana rage bar 200 zuwa kimanin bar 10 sama da matsin ruwan da kake ciki. Na biyu, wanda ke bakinka, yana ba ka iska daidai da matsin ruwan, kuma sai ka zuƙa yake buɗewa. Tiyo huɗu ne ke fitowa: na bakinka, da na ajiya mai launin rawaya don abokin da iskarsa ta ƙare, da na geji mai nuna iskar da ta rage a tukunya, da wanda ke hura rigar iska, wato rigar da ake ƙara wa iska ko a rage don daidaita nauyi a ruwa. Idan za ka buɗe bawul ka juya fuskar geji ƙasa, ka buɗe a hankali, sannan ka ja numfashi uku ko huɗu idonka na kan allura. Idan allurar na rawa, tana sauka tana komawa, bawul ɗin bai buɗe duka ba. A sama ba za ka ji bambanci ba, amma a mita 15 numfashi zai fara yi maka wuya.

Tambayar mutanen gida kan ƙarewar iska lissafi ne ke amsa ta. Lita 12 sau bar 200 ya ba da lita 2,400. Ƙa'ida ita ce ka fito da bar 50 a ajiye, wato lita 600, saura 1,800. Sabon shiga yakan sha kimanin lita 20 a minti ɗaya a saman ruwa. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara bar ɗaya a kan ɗayan da iskar duniya ke danna mu da shi, saboda haka a mita 10 matsin ya zama biyu, kowane numfashi na cin ninki biyu, lita 40 a minti, tukunya ta kai ka minti 45. A mita 20 lita 60 ce, minti 30. Mai tsoro, mai yawan wutsil-wutsil da hannu, mai jin sanyi, duk sukan sha fiye da haka. Shi ya sa ake duba geji duk 'yan mintuna, ka sanar da abokinka idan ka kai rabi, ka dunƙule hannu idan ka kai 50. Alamun hannu na da nasu tarko: ɗaga babban yatsa ba ya nufin lafiya lau, yana nufin mu tashi sama. Lafiya lau shi ne ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662 ita ce tushen duk abin da ya biyo: idan matsi ya ninka, girman iska ya ragu rabi. Abin lura shi ne inda canjin ya fi yawa. Daga sama zuwa mita 10 iska na takurewa zuwa rabi. Daga mita 30 zuwa 40 kuwa daga kashi ɗaya cikin huɗu take komawa ɗaya cikin biyar, canji kaɗan. Wato wurin da ido ke ganin ya fi aminci, kusa da sama inda rana ke haskowa, nan ne iska ta fi saurin canzawa, nan ne kuma yawancin raunukan ke faruwa.

Kunne ne ke fara shaida. Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, hanyarsa ɗaya tak, wani siririn bututu da ke buɗewa a bayan hanci. Kana sauka ruwa na tura dodon ciki, sai ka tura iska ta wannan bututu don a daidaita: ka matse hanci da yatsu ta jikin robar gilashin fuska, ka hura a hankali, ko ka haɗiye yawu kana motsa muƙamuƙi. Za ka ji ɗan "ƙas" a kowane kunne. Ana farawa tun a sama kafin kai ya nutse, a maimaita kowace mita, kafin a ji zafi. Idan ka bari ka sauka kusan mita biyu ba ka daidaita ba, bambancin matsin na manne bakin bututun, daga nan duk ƙarfin da ka sa ba zai buɗe ba. Gyaran shi ne ka taso mita ɗaya ka sake gwadawa. Wanda ya dage da yunƙuri yana iya fasa wata 'yar tagar da ke tsakanin kunnen tsakiya da na ciki, ya tashi da jiri da ƙarar kunne da kurmancin da wani lokaci ba ya warkewa. Wanda ya ci gaba da sauka cikin zafi kuwa, ko ɗakin ya cika da jini da ruwa ya yi kwanaki yana ji dum, ko dodon ya huje, ruwan sanyi ya shiga, hajijiya ta kama shi har ya kasa bambance sama da ƙasa. Sauka da ƙafa a ƙasa, kai a sama, ya fi sauƙi ga kunne. Mai mura ya haƙura. Maganin buɗe hanci yaudara ne a nan, domin yana iya sakinka kana ƙasa, bututun ya sake toshewa, iskar da ta shiga ta rasa mafita lokacin tasowa, kuma sauka ana iya fasawa amma tasowa dole ce.

Gilashin fuska shi ma ɗaki ne mai iska, don haka kana sauka kana ɗan busa masa iska ta hanci, in ba haka ba ya tsotsi fuska har fararen idanu su yi jajir. Idan ruwa ya shiga, ka danna saman firam ɗin a goshi, ka ɗaga kai kaɗan, ka fitar da numfashi ta hanci, iskar za ta kore ruwan ta ƙasa. Wannan darasi ne ya fi firgita sababbi, musamman lokacin da malami ya ce a cire gilashin gaba ɗaya a ci gaba da numfashi ta baki hanci na cikin ruwa. Masu gashin baki su rage layin da ke ƙarƙashin hanci, nan ne yake yoyo. Sabon gilashi a goge cikinsa da man goge haƙori don cire maiƙon masana'anta, kafin kowane nutso kuma a shafa yawu a ɗauraye, in ba haka ba ya yi hazo.

Dokar da malamarmu ta fi maimaitawa, wata Bamisriya mai ƙarancin magana wadda ke kiran kowannenmu "Dakta" da ɗan murmushin da ke nuna ba ta ɗauki digirin da muhimmanci ba, ita ce kada a riƙe numfashi ko sau ɗaya. Masunta da 'yan kasada na gida da ke nutso a kogi suna riƙe numfashi ba abin da ke samun huhunsu, domin a sama suka ɗauki iskar, ta takure a ƙasa, ta dawo yadda take. Mai tukunya kuwa a ƙasa yake cika huhu da iska mai matsi. Idan ya cika a mita 10 ya rufe maƙogwaro ya taso, iskar na neman ninki biyu na wurin da take da shi. Huhu ba ya jin zafin miƙewa, ba ya gargaɗi, kuma tasowar mita ɗaya ko biyu da huhu cike maƙil ta isa ta yaga shi. Iskar na iya shiga jijiyar jini, ta bi ta zuciya ta haye ƙwaƙwalwa, mutum ya fito ruwa cikin 'yan mintuna ya faɗi kamar mai shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka duk lokacin da abin numfashi ba ya baki ana sakin ƙananan kumfa ta leɓe, kuma a atisayen tasowar gaggawa daga zurfin da bai wuce mita 9 ba ana tafe ana cewa "aaa" har a kai sama.

Daidaita nauyi shi ne abin da ke bambanta wanda ya iya da wanda ya riƙe takarda kawai. Rigar roba, mai kaurin milimita 3 da zafi ko 5 da hunturu, tana ɗaga mutum sama, sai a ɗaura ɗamarar darma don a rinjaye ta. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, kimanin giram 40 a lita maimakon 35, saboda haka ana buƙatar darma fiye da wani wuri. Gwajin shi ne ka sace rigar iska duka, ka riƙe numfashi na al'ada a saman ruwa: ruwa ya tsaya a daidai idonka, idan ka fitar da numfashi ka fara nutsewa a hankali. Sannan a ƙara kamar kilo biyu, domin iskar da za ka shanye tana da nauyi, tukunya za ta fi sauƙi a ƙarshe. Kana sauka rigar roba na takurewa, nauyinka na ƙaruwa, sai ka ɗan danna maɓalli ka ƙara iska a riga, kaɗan-kaɗan, ka jira ka ga sakamako. Kana tasowa sai akasin haka: iskar rigar na kumbura, tana ƙara ɗaga ka, ɗagawar na ƙara kumbura ta. Wanda bai ɗaga tiyo sama ya saki iska da wuri ba zai ga kansa yana tashi ba birki. Malamai da yawa kan lafta wa ɗalibi darma fiye da kima don ya zauna a ƙasa ya saurara, kuma wannan, a ganina, lalaci ne da ke bin ɗalibin shekaru: yana cika riga da iska don ya rama nauyin, ƙafafunsa na ja ƙasa suna karya murjani, iskarsa na ƙarewa da wuri.

Sai naitrojin. Jiki ba ya amfani da shi, amma a ƙarƙashin matsi yana narkewa cikin jini da tsoka da kitse, gwargwadon zurfi da daɗewa. Idan ka taso a hankali yana komawa huhu ya fita. Idan ka yi sauri sai ya zama kumfa a cikin jiki, kamar yadda kwalbar lemo ke yi idan an ɓalle murfinta farat ɗaya. Bafaranshe Paul Bert ne ya bayyana haka a 1878, John Scott Haldane kuma ya fitar da jadawalin tasowa na farko a Ingila a 1908. Jadawalin PADI ya ba da minti 56 a mita 18, minti 20 kacal a mita 30, kafin mutum ya shiga matakin da ba zai iya tasowa kai tsaye ba. Nutso na biyu a rana guda lokacinsa ya fi gajarta, domin akwai ragowar na farko a jiki. Yanzu agogon kwamfuta da ake ɗaurawa a hannu ne ke wannan lissafi, kuma yakan yi ƙara idan ka wuce kimanin mita 10 a minti. A mita 5 ana tsayawa minti 3 kafin a ƙarasa. Daga nan zuwa sama ne ya kamata a fi tafiya a hankali, nan ne kuma mutane suka fi sakin jiki.

Ciwon kumfa yakan bayyana cikin 'yan sa'o'i: ciwo mai nuƙurƙusa a kafaɗa ko gwiwar hannu wanda motsi ba ya canza shi, gajiyar da ta wuce aikin da aka yi, ƙaiƙayi, sagewar ƙafa ko jin kamar ana tsira allura, jiri, kasa fitsari idan ya taɓa laka. Littattafai na kwatanta wani tabo ja-ja mai shuɗi-shuɗi a ciki da ƙirji, amma hotunan duk na farar fata ne. A jikinmu da wuya ka gan shi sarai, sai ka tambayi mutum ko wurin na masa ƙaiƙayi ko zafi, ka taɓa, ka duba da haske mai kyau. Haka ƙarancin oksijin, a harshe da cikin leɓe ake nemansa. Taimakon farko shi ne a kwantar da shi, a ba shi oksijin zalla da mafi ƙarfin da ake da shi, a ba shi ruwa idan yana cikin hayyacinsa, a nufi ɗakin matsi, wato ɗakin ƙarfe da ake rufe majinyaci a ƙara masa matsin iska don kumfar ta narke, ko da ya ce ya ji sauƙi. Ba a mayar da shi cikin teku wai don kumfar ta narke. A ɗakin matsi, irin wanda ke Sharm ash-Shaikh, tsarin da aka fi bi shi ne jadawali na 6 na sojan ruwan Amurka: a fara matsa shi daidai da zurfin mita 18, daga baya a sassauta zuwa mita 9, yana shaƙar oksijin ana ɗan tsagaitawa, jimilla awa 4 da minti 45. Babbar matsalar ita ce musu. Mutum yakan ce ai ɗaukar tukunya ce ta sa kafaɗar ciwo, ya sha maganin ciwon jiki ya kwanta. Kuma yana iya kama wanda bai karya doka ko ɗaya ba, musamman mai ɗan ramin nan da ke tsakanin ɗakunan zuciya na sama, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutane ke da shi bai rufe ba tun haihuwa, domin ta nan kumfa ke tsallake matatar huhu.

Arewa da Dahab akwai wani rami a cikin teku da ake kira Blue Hole, zurfinsa ya haura mita 100, a jikin dutsen da ke gefensa kuma an lilliƙa allunan sunayen waɗanda suka mutu a ciki. Gefen ramin wuri ne mai kyau da ake kai ko masu matsakaicin ƙwarewa. Abin da ke kashe mutane shi ne wata ƙofa da ke kusan mita 55, mai tsawon fiye da mita 25, wadda ke fita zuwa buɗaɗɗen teku. Daga kimanin mita 30 naitrojin na fara sa maye: tunani ya yi nauyi, mutum ya ji komai daidai ne, ya kalli geji ya kasa fahimtar lambar. A mita 55 matsin bar 6.5 ne, mai shan lita 20 yana shan 130 a minti, lita 1,800 ba za ta kai shi minti 14 ba. Haɗa maye da wannan lissafi da tukunya guda, ka ga dalilin allunan. Iyakar nutson nishaɗi mita 40 ce, masu bi ta ƙofar nan da ilimi kuwa suna ɗaukar tukwane da yawa da iska mai haɗin hiliyom. Mayen kansa yana washewa da an taso 'yan mitoci.

Game da halittun ruwa, yawancin raunin daga taɓawa yake zuwa. Kifin dutse na kwance a rairayi ba ka bambance shi da dutse, kifin zaki na da ƙayoyi masu dafi, ga bushiyar ruwa mai dogayen ƙaya a mashiga, shi ya sa ake sa takalmin roba mai kauri. Dafin waɗannan kifaye zafi na karya shi: a tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, kimanin digiri 45, na minti 30 zuwa 90, sannan a tafi asibiti. Murjanin wuta kuwa a wanke da ruwan teku a zuba ruwan khal, kada a goge, kada a sa ruwan famfo. A ƙasa komai na bayyana ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, launin ja na ɓacewa tun daga mita 5, har jini ya koma kore-kore, sauti kuma na gudu fiye da ninki huɗu na yadda yake a iska, don haka za ka ji injin jirgi amma ba za ka san ta ina yake ba.

Wani abin da ba a faɗa a talla shi ne fitsari. Sanyi da matsin ruwa na tura jini daga ƙafafu zuwa ƙirji, zuciya ta ɗauka ruwa ya yi yawa a jiki, ƙoda ta fara zubarwa. Ga iskar tukunya busasshiya, ga ranar Sina'i. Mutum na fitowa da ƙarancin ruwa bai sani ba, wannan kuma na cikin abubuwan da ake ganin suna ƙara haɗarin ciwon kumfa. Saboda haka ni ban ga hikimar yin nutso mai zurfi ko maimaitacce da azumi a baki ba. A bari sai bayan salla. Rigar haya kuma a ɗauka cewa wani ya yi abin da ya yi a ciki, a wanke jiki a canza tufa kafin a ta da kabbara.

Bayan an gama, jirgin sama sai an jira aƙalla awa 12 idan nutso ɗaya aka yi, awa 18 idan an maimaita ko an yi kwanaki ana yi, domin matsin cikin jirgi bai kai na ƙasa ba, ragowar naitrojin na iya zama kumfa. A Dahab akwai tarkon da ya fi jirgi kama mutanenmu. Masu shirya yawon buɗe ido na sayar da tafiyar dare zuwa Jabal Musa don ganin fitowar rana, kuma kusan kowane Musulmi da ya je Sina'i yana son ya taka wurin. Tsayin dutsen mita 2,285 ne, hanyar motar ma kanta hawa take. Wanda ya yi nutso da rana ya hau da dare ya yi daidai da wanda ya shiga jirgi, har da ƙarin gajiya. A fara da dutsen, a ƙare da teku.

Wanda ya dawo gida da takardarsa yana sha'awar gwadawa a Tiga ko wani dam, ya sani cewa abin da ya koya bai gama shirya shi ba. Jadawalin da aka saba an yi shi ne don wuraren da ba su haura mita 300 daga saman teku ba, Kano kuwa ta haura mita 400, Jos na kusan 1,200, dole a gyara lissafi ko a saita agogon a kan tudu. Ruwan daɗi ba ya ɗaga mutum kamar na gishiri, sai a rage darma kamar kilo biyu a sake gwaji. Ruwan dam gurɓatacce ne, wani lokaci ba ka ganin tafin hannunka, ga kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, ga tsofaffin komar masunta da ke harɗe ƙafa da bawul, don haka wuƙa ko almakashi da igiyar da wani ke riƙe da ita a sama wajibi ne. Ba a matsawa kusa da bakin da ruwa ke fita, jansa ya fi ƙarfin kowane mai iyo. Akwai kuma tsargiya a yawancin ruwayenmu masu dodon koɗi, wadda ke shiga ta fata. Kafin a jiƙa ƙafa a tanadi tukunyar oksijin a bakin ruwa, a kuma san takamaimai inda ɗakin matsi mai aiki yake da awa nawa za a yi a mota kafin a kai.